Yadda Ake Raba Intanet na Wi-Fi Daga Kwamfutar Girke Zuwa Laftof

Tambayar yadda kwamfutar girke, wato desktop, za ta ba laftof intanet ta sha zuwa mini ta fuskoki daban-daban. Wani ya ce kwamfutarsa ta girke tana kama Wi-Fi tsaf saboda tana da eriya a baya, amma laftof ɗinsa da ke kan tebur ɗaya da ita ko alamar sigina ba ta gani. Wata ta ce katin Wi-Fi na laftof ɗinta ya daina aiki, ga shi kuma tana da aikin da ba zai jira gyara ba. Wani kuma sabon Windows ya ɗora, direban Wi-Fi, wato manhajar da ke sa katin aiki, bai hau ba, alhali sai da intanet zai iya sauko da direban. Amsar duka ɗaya ce: kwamfutar girken za ta iya karɓar intanet ta iska, ta miƙa wa laftof, ba tare da an sayi wata manhaja ba. Windows 10 da Windows 11 suna ɗauke da abin da ake bukata. Sunayen wuraren da za ka latsa na bar su yadda suke a allo, domin da su za ka gane inda kake.

Mataki na 1: Zaɓi tsakanin kebul da hotsfot

Hanya biyu ce. Ko ka haɗa kwamfutocin biyu da kebul na Ethernet, ko ka mayar da ta girken hotsfot, laftof ta kama ta iska.

Idan Wi-Fi na laftof ne ya mutu ko ba shi da direba, ba ka da zaɓi, kebul ne. Idan kuwa yana aiki, kana iya bin kowacce, amma ni kebul nake fifitawa. Dalili shi ne a hotsfot kati ɗaya ne ke karɓa daga rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, kuma yake aikawa zuwa laftof, sai ya riƙa raba lokacinsa gida biyu, gudun intanet ya ragu. Da kebul kuwa katin Wi-Fi aikin karɓa kawai yake yi. Don haka hanyar kebul zan fi daɗewa a kai, hotsfot ya biyo baya.

Mataki na 2: Tanadi kayan aiki

Kebul ɗaya na Ethernet, irin wanda ake rubuta Cat5e ko Cat6 a jikinsa, mai kan roba mai ɗan maƙalli a kowane ƙarshe. Yana cikin kayan kwamfuta mafi araha, kuma sau da yawa akwai ɗaya a kwalin da rauta ta zo ciki, an manta da shi. Tsawonsa zai iya kaiwa mita 100 ba tare da matsala ba, amma kada ka sayi abin da ya wuce bukatarka, ya zama tarko a ƙasan tebur.

Duba bayan kwamfutar girke, za ka ga ramin da kebul ɗin ke shiga, yawanci kusa da ramukan USB. Sannan ka duba gefen laftof. Siraran laftof na yanzu da yawa ba su da wannan rami, sai ka nemi adafta mai USB a gefe ɗaya da ramin Ethernet a ɗaya gefen. Kafin ka saya, duba ko ramin laftof ɗinka USB na da ne mai faɗi ko USB-C ne.

Gargaɗi: kada ka ɗauki kebul mai kan USB iri ɗaya a ƙarshensa biyu ka haɗa kwamfutoci biyu da shi. Ba zai ba ka intanet ba, kuma tunda kowace kwamfuta tana tura wuta ta ramin USB ɗinta, kana iya lalata ramukan.

Za ka iya jin wani ya ce sai ka samo kebul na musamman da aka juya wayoyin cikinsa, wanda ake kira crossover. Wannan magana ta kwamfutocin da ce. Duk ramin da ke gudun gigabit yana gane irin kebul ɗin da kansa ya daidaita, kuma ya isa a ce ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu tana da wannan dabara. Sai idan dukansu tsofaffi ne sosai masu gudun megabit 100 za ka iya bukatarsa.

Abu na ƙarshe, dole ne asusun da ka shiga da shi a kwamfutar girke ya kasance mai ikon Administrator. In ba haka ba, Windows zai nemi kalmar sirrin mai ikon a tsakiyar aiki.

Mataki na 3: Gwada intanet ɗin, sannan ka haɗa kebul

Buɗe shafi ɗaya ko biyu a kwamfutar girke, ka tabbata suna buɗewa. Abin ya yi kama da wasa, amma an sha ɓata awa guda ana neman laifin laftof alhali data ce ta ƙare. Idan akwai VPN a kunne, kashe shi tukuna.

Yanzu soka kebul ɗin a ramukan biyu har ka ji ƙas. Kwamfutocin su kasance a kunne duka. Yawancin ramuka suna da ƙananan fitilu, kore ko ruwan ɗorawa, da za su kama ko su riƙa ƙiftawa. Idan babu fitilar da ta kama a kowane ɓangare, cire ka sake sokawa, in ya ƙi ka gwada wani kebul. Kada ka wuce wannan mataki da kebul ɗin da kake shakka a kansa.

Mataki na 4: Gane katunanka

A kwamfutar girke, danna maɓallin Windows tare da harafin R. Wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter. Wannan ita ce gajeriyar hanya zuwa tagar Network Connections, kuma iri ɗaya ce a Windows 10 da 11.

Za ka ga gumaka da yawa, amma biyu ne naka. Ɗaya mai suna Wi-Fi, da sunan rautarka a ƙarƙashinsa. Ɗayan mai suna Ethernet, wanda a yanzu zai nuna Identifying ko Unidentified network. Idan akwai Ethernet fiye da ɗaya, misali Ethernet 2 da Ethernet 3, cire kebul ɗin ka ga wanda jan kuros ya bayyana a kansa, shi ne naka. Riƙe sunansa. Sauran gumakan galibi na Bluetooth ne, ko na VPN, ko na manhajojin da ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta irin su VirtualBox. Ka bar su yadda suke.

Mataki na 5: Kunna rabawa a kan katin da ke da intanet

A nan mafi yawan mutane ke zamewa, don haka mu tafi a hankali. Ana kunna rabawa ne a kan katin da intanet ke shigowa ta cikinsa, wato Wi-Fi. Ba a kan Ethernet ba. Hankali yakan raya wa mutum cewa tunda Ethernet ne ke tafiya zuwa laftof, shi za a taɓa. A'a. Mai abu shi ake cewa ya raba, kuma a nan Wi-Fi ne mai abu.

1. Latsa gumakan Wi-Fi da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties.
2. A saman tagar akwai shafi biyu, Networking da Sharing. Shiga Sharing.
3. Sa alama a akwatin farko, wanda ke cewa Allow other network users to connect through this computer's Internet connection.
4. A ƙarƙashinsa akwai Home networking connection. Buɗe jerin, ka zaɓi Ethernet ɗin da ka gane a mataki na 4.
5. Akwati na biyu, mai ba sauran kwamfutoci ikon kunnawa da kashe haɗin, cire alamarsa. Laftof ba ta bukatar wannan iko.
6. Latsa OK.

Idan ba ka ga jerin zaɓi a lamba ta 4 ba, kada ka damu. Windows yana nuna shi ne kawai idan akwai katuna fiye da ɗaya da za a iya ba intanet. In Ethernet kaɗai ne, ya riga ya zaɓa maka. Idan kuwa shafin Sharing ɗin ne gaba ɗaya babu, ko dai katin Ethernet a kashe yake, sai ka latsa shi da dama ka zaɓi Enable, ko kuma kwamfutar ta wurin aiki ce da masu kula da ita suka rufe wannan ƙofa.

Da zarar ka latsa OK, Windows zai ba katin Ethernet na kwamfutar girke adireshin 192.168.137.1. Daga nan kwamfutar ta zama ƙaramar rauta: ita za ta ba laftof adireshi, ita za ta karɓi bukatun laftof ta fitar da su da sunanta, ta dawo mata da amsa. Idan ka koma tagar gumakan, za ka ga kalmar Shared ta bayyana a ƙarƙashin Wi-Fi. Ethernet kuma zai ci gaba da nuna Unidentified network, har ma ya ce babu intanet. Haka ya kamata ya kasance a wannan ɓangaren, kada ka ce za ka gyara shi.

Gargaɗi: idan a da wani ya sa wa katin Ethernet ɗin adireshi na dindindin, misali saboda firinta ko kyamarar tsaro, wannan mataki zai goge shi. Rubuta tsofaffin lambobin a takarda kafin ka latsa OK.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi na farko nauyi: muddin rabawa tana kunne, kada ka soka wannan ramin Ethernet a jikin rauta ko a ramin bango na ofis. Kwamfutarka za ta fara raba wa na'urorin mutane adireshin da ba nasu ba, intanet ɗinsu ya rikice, su rasa daga ina abin ya fito.

Akwai wani zaɓi a wannan taga mai suna Bridge Connections, wato gada tsakanin katuna, wanda wasu ke ba da shawarar a bi. Ban ba ka shawarar ba. Tsarin Wi-Fi bai cika yarda kati ɗaya ya wuce da saƙon wata na'ura mai nata lambar shaida daban ba, shi ya sa gadar kan yi aiki a wata rauta ta ƙi a wata. Kuma ba a haɗa gada da rabawa a kan kati ɗaya. Idan ka taɓa gwada ta, goge gumakan Network Bridge kafin ka fara mataki na 5.

Mataki na 6: Shirya laftof

Sau da yawa ba sai ka yi komai ba, cikin daƙiƙa talatin alamar kwamfuta za ta bayyana kusa da agogo, intanet ya shigo. Idan bai shigo ba, buɗe ncpa.cpl a laftof, latsa Ethernet da dama, Properties, sannan ka latsa Internet Protocol Version 4 sau biyu. Tabbatar an zaɓi Obtain an IP address automatically da kuma Obtain DNS server address automatically. Laftof ɗin da ta taɓa aiki a ofis ko makaranta takan zo da tsohon adireshi a nan, shi ne ke hana ta karɓar sabo.

Kashe Wi-Fi na laftof yayin gwaji, domin ka san tabbas ta kebul intanet ke zuwa.

Mataki na 7: Gwaji hawa uku

Buɗe shafi a burauza ya isa idan komai ya yi. Amma idan bai yi ba, burauza ba za ta gaya maka inda aka tsaya ba. Gwajin nan zai gaya maka. A laftof, danna Windows da R, rubuta cmd, danna Enter. A baƙar tagar rubuta ipconfig.

Nemi sashen Ethernet, ka duba layin IPv4 Address. Idan ya fara da 192.168.137, kuma Default Gateway ya nuna 192.168.137.1, laftof ta karɓi adireshi daga ta girke, hawa na farko ya yi. Idan kuwa ya fara da 169.254, to laftof ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙa wa kanta ɗaya. Wannan lamba alama ce cewa rabawa ba ta aiki a kwamfutar girke, ko an zaɓi Ethernet ɗin da ba shi ba.

Hawa na biyu, rubuta ping 8.8.8.8. Wannan adireshin sabar Google ce da ke kan intanet. Idan ka ga layukan Reply, hanya a buɗe take har waje.

Hawa na uku, rubuta ping google.com. Idan na biyu ya amsa amma wannan ya ƙi, intanet yana nan, abin da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi ne ya tsaya, wato DNS. Koma inda ka shiga a mataki na 6, zaɓi Use the following DNS server addresses, ka sa 8.8.8.8 a layin farko da 1.1.1.1 a na biyu.

Wasu kan ƙara da ping 192.168.137.1 don su ga ko laftof na jin ta girke. Kana iya yi, amma kada shirunsa ya tayar maka da hankali, domin katangar tsaron Windows takan ƙi amsa ping ko da rabawa na tafiya lafiya.

Mataki na 8: Idan har yanzu ya ƙi

Abu na farko, kuma wanda ya fi yawan magance matsalar: koma Sharing a kwamfutar girke, cire alamar, latsa OK, jira kaɗan, sake sa ta, zaɓi Ethernet, latsa OK. Sannan a laftof ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew. Ko kuma kawai ka cire kebul ka mayar.

Idan bai yi ba, duba manhajar kariya daga bairos da ke kwamfutar girke. Wadda ba ta Windows ba takan zo da katangar tsaronta, ta ɗauki laftof a matsayin baƙuwa ta toshe ta. Dakatar da katangar na minti biyu ka gwada. In ya yi, kada ka bar ta a kashe, shiga saitinta ka nuna mata cewa haɗin Ethernet ɗin amintacce ne, ko ka kunna zaɓin da ke ba rabawa izini in tana da shi. Katangar Windows kanta kuwa kada ka kashe hidimarta gaba ɗaya da sunan gyara, domin rabawa ta dogara da ita, kashe ta kan sa Windows ya ƙi kunna rabawar ma.

Sai hidimar da ke riƙe da aikin. A kwamfutar girke, danna Windows da R, rubuta services.msc, nemi Internet Connection Sharing. Idan an sa ta a Disabled, mayar da ita Manual ko Automatic, ka latsa Start.

Idan duk wannan bai yi ba kuma ka ƙagu, kana iya ba laftof adireshi da hannu: IP address 192.168.137.2, Subnet mask 255.255.255.0, Default gateway 192.168.137.1, DNS 8.8.8.8. Yana aiki a lokutan da rabawa ke tafiya amma raba adireshi ne ya maƙale. Sai dai ka tuna ka mayar da shi automatic daga baya, in ba haka ba ranar da ka soka laftof a wata rauta za ta ƙi kamawa, ka manta kai ne ka canja.

Mataki na 9: Hana shi yankewa

Laftof tana da intanet ne muddin ta girke na farke. Tana yin barci, ya yanke. Shiga Settings, System, Power (a Windows 10, Power & sleep), ka sa lokacin barci a Never idan za ka daɗe kana aiki. Allon zai iya kashe kansa, wannan ba ya shafar komai. Haka kuma a Device Manager, ƙarƙashin Network adapters, buɗe katin Wi-Fi da na Ethernet, idan akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe katin don tattalin wuta.

Sannan akwai halin da Windows 10 ya yi suna da shi: ka kashe kwamfuta ka kunna, alamar rabawa tana nan daram a akwatinta, amma laftof ba intanet. Hanya mai sauƙi ita ce cirewa da mayarwa kamar yadda na faɗa a mataki na 8. Wanda ya gaji da hakan, akwai gyaran da Microsoft kansa ya bayar. A services.msc ka sa Internet Connection Sharing a Automatic. Sannan ka danna Windows da R, ka rubuta regedit, ka bi HKEY_LOCAL_MACHINE, Software, Microsoft, Windows, CurrentVersion, SharedAccess. A can ka ƙirƙiri sabon DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection, ka ba shi lamba 1, ka sake kunna kwamfuta.

Gargaɗi: regedit ba wurin yawo ba ne. Ka yi wannan abu ɗaya ka fita. Idan hannunka bai saba ba, cirewa da mayarwa daƙiƙa ashirin ne kawai, ka zauna a kai.

Sai batun data, wanda da yawa ba sa tunawa sai ta ƙare. Laftof ɗin da ta ga intanet ta kebul takan ɗauka marar iyaka ne, sai ta buɗe ciki ta fara sauko da sabuntawar Windows da duk abin da ta daɗe tana jira, musamman wadda ta yi watanni ba ta hau intanet ba. Idan Wi-Fi ɗin na data mai ƙidaya ne, shiga Settings a laftof, Network & Internet, Ethernet, ka kunna Metered connection tun kafin ka buɗe komai.

Hanya ta biyu: hotsfot, ba kebul

Wannan ta fi saurin shiryawa, kuma tana cikin Windows 10 tun sabuntawar 2016. Idan ka riga ka kunna rabawa ta kebul, kashe ta tukuna, domin hanyoyin biyu hidima ɗaya suke amfani da ita, sukan taka juna.

1. A kwamfutar girke shiga Settings, Network & Internet, Mobile hotspot.
2. A Share my internet connection from, zaɓi Wi-Fi. A Share over, nan ma Wi-Fi.
3. Latsa Edit, ka sa suna da kalmar sirri. Dole ta kai haruffa 8.
4. Kunna maɓallin Mobile hotspot.
5. A laftof, nemi sunan a jerin Wi-Fi, ka shiga da kalmar sirrin.

Na'urori 8 ne iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda. Akwai zaɓin Power saving da ke kashe hotsfot idan ya ɗan jima ba wanda ya hau, kashe shi idan ba ka so ka riƙa dawowa kana kunnawa.

Gargaɗi: idan laftof ba ta ga sunan ba sam, duba zangon siginar, wato Band. Kwamfutar girke da ke haɗe da rauta a 5 GHz takan raba a wannan zangon, tsofaffin laftof kuma 2.4 GHz kaɗai suke gani. Canja Band zuwa 2.4 GHz a Edit. In ya ƙi, haɗa ta girken da rauta a 2.4 GHz, sannan ka sake kunna hotsfot.

Idan Windows ya ce ba zai iya kunna hotsfot ba, galibi direban katin Wi-Fi ne ya tsufa, ko katin ba ya iya karɓa da aikawa tare. Sabunta direban daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Ƙananan Wi-Fi na USB masu arha sun fi yawan wannan gazawa, kuma idan naka haka yake, koma kan kebul ka huta.

Gaskiyar magana kuma, idan katin laftof ne ya mutu kuma kullum za ka riƙa bukatar intanet, sayen ɗan Wi-Fi na USB ka soka mata ya fi barin kwamfutar girke a kunne dare da rana tana shan wuta. Rabawa ta fi dacewa da bukatar ɗan lokaci, ko inda ta girken ce kaɗai ke samun sigina, ko inda aka ba na'ura ɗaya tak izinin hawa. A wannan na ƙarshe, idan Wi-Fi ɗin na wurin aiki ne ko makaranta ko masauki, tambayi masu shi kafin ka raba, domin wasu dokarsu ta hana.

Idan ta girken ba Windows ba ce

A Mac, shiga System Settings, General, Sharing, Internet Sharing, ka zaɓi Wi-Fi a matsayin inda intanet ke fitowa, Ethernet a matsayin inda zai tafi. Mac ba ya raba Wi-Fi ta katin Wi-Fi ɗaya, saboda haka kebul ne. A Ubuntu da ire-irensa, buɗe saitin haɗin kebul, a shafin IPv4 ka zaɓi Shared to other computers. Adireshin da laftof za ta samu a can zai fara da 10.42, kada ka tsaya neman 192.168.137. Ita laftof ɗin kuwa ko wane tsari take ɗauke da shi babu bambanci, muddin an bar ta ta karɓi adireshi da kanta.

Mataki na ƙarshe: Kashe rabawa idan ka gama

Koma ncpa.cpl a kwamfutar girke, Wi-Fi, Properties, Sharing, cire alamar, latsa OK. Sannan ka buɗe Ethernet, Internet Protocol Version 4, ka duba. Wani lokaci 192.168.137.1 kan zauna a wurin ko bayan an kashe rabawa. Idan ka gan shi, mayar da zaɓin zuwa Obtain an IP address automatically, ko ka sa tsofaffin lambobin da ka rubuta a takarda a mataki na 5. A laftof ma ka cire duk adireshi ko DNS da ka sa da hannu, ka kunna mata Wi-Fi, sannan ka mayar wa ta girke lokacin barcinta.